Hasashen Kwamfuta ko Awon Ɗakin Gwaji: Wanne Zai Karanta Mana Jar Akuyar Maraɗi?

Jar akuyar Maraɗi ba ta bukatar mai gabatar da ita a ƙasar Hausa. Daga Tasawa zuwa Mayahi, da garuruwan da ke bin Gulbin Kaba irin su Kanan-Bakashe, da wuya ka shiga gida ka rasa ta ɗaure a turke. Da ita mace ke fita kunyar biki da suna, da ita ake sayen hatsi idan rumbu ya ƙare kaka ba ta zo ba. An san ta da saurin balaga, da yawan haihuwar tagwaye, da nono mai auki, da fatar da majema ke rububi. Fatarta da ta ƴar'uwarta ta Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har ta isa kasuwannin Turai. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi domin a tsare wannan iri a kuma yaɗa shi.

Duk wannan ido ne ya gano shi, idon makiyaya da na mahauta da na majema. Amma akwai tambayar da ido ba ya amsawa. Me ke faruwa a cikin jikin wannan dabba a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, harawa ta ƙare, sai ƴaƴan gawo da ƴar dusa, amma ta riƙe cikinta har ta haihu? Wani sashe na amsar yana cikin wani sabon fanni na ilimin halittu, wato nazarin alamomin da jiki ke ɗora wa RNA. Masu wannan bincike hanya biyu ce a gabansu. Ko dai a koya wa kwamfuta ta yi hasashen inda alamomin suke, bisa abin da aka riga aka auna a jikin mutum da ɓera, ko kuma a ɗebo samfur daga jikin dabbar a auna kai tsaye. Ga ƙasa irin Nijar, inda kuɗin bincike ba su da yawa, wannan zaɓi ba ƙarami ba ne.

Mece ce alamar?

Ƙwayoyin halittar da ke jikin akuya suna ɗauke da DNA, kundin gadon da ta samu daga uwa da uba. Kundin ba ya barin inda aka adana shi. Idan jiki na bukatar wani furotin, sai a kwafo sashen da ake so a kan wani zare mai suna RNA, shi zai kai saƙon inda ake haɗa furotin ɗin. Da haruffa huɗu kacal ake rubuta saƙon: A, C, G da U. Ana cikin kwafar, wasu sinadarai na bi suna liƙa wa wasu haruffan wani ɗan mitsitsin abu da ake kira metil, wanda bai wuce ƙwayar kabon ɗaya da haidurojin uku ba. Idan an liƙa shi a wani keɓaɓɓen gurbi na harafin A, sunansa m6A. An gano nau'o'in alamomin RNA fiye da 150, amma wannan ce ta fi yawa a cikin saƙonnin dabbobi masu shayarwa.

Wanda ya yi karatun allo zai gane abin nan take. Baƙaƙe suna nan yadda suke, amma wasali ne ke nuna yadda za a karanta su. A sauya wasali ɗaya, karatu ya sauya. Haka m6A take. Ba ta canza harafin, amma tana iya sa a rushe saƙon da wuri, ko a gaggauta karanta shi, don haka tana da hannu a yawan furotin ɗin da za a samu.

An fara ganin ta a 1974, aka kuma yi shekaru da dama ba a san aikinta ba. A 2011 ɗakin binciken Chuan He na Jami'ar Shikago ya nuna cewa wani furotin mai suna FTO yana iya goge ta. Abin da ake ɗorawa a kuma goge, lallai jiki na amfani da shi wajen sarrafa wani abu. A 2012 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Isra'ila ɗaya a Amurka, suka fitar da taswirar farko mai nuna dubban gurabenta a mutum da ɓera. An kuma tantance masu ɗorawa irin su METTL3 da METTL14, da masu gogewa irin su FTO da ALKBH5, da masu karantawa na dangin YTH. Tayin ɓeran da aka cire wa METTL3 ba ya kaiwa haihuwa. Namijin ɓeran da ya rasa ALKBH5 kuwa maniyyinsa na lalacewa. Riƙon ciki da ƙarfin namiji, ai su ne ainihin damuwar mai kiwo.

Hanya ta farko: hasashe

Koyon na'ura ba tsafi ba ne. Ana tara dubban guntayen RNA da aka tabbatar suna ɗauke da alamar, da wasu dubban da ba a gan ta a kansu ba, a loda wa kwamfuta. Ita kuma ta yi ta gwama su, tana gyara lissafinta duk inda ta kuskure, har ta iya bambance su da kanta. Sannan a ba ta guntun da ba ta taɓa gani ba, ta faɗi ko akwai alama ko babu.

Ga dalilin da ya sa ake bukatarta. Alamar tana son zama a tsakiyar wani jerin haruffa biyar da ake kira DRACH, wanda ya fi zuwa a siffar GGACU. Jerin yana da siffofi 18 daga cikin 1,024 da haruffa biyar za su iya ɗauka, wato a lissafi za a ci karo da shi kusan sau ɗaya a kowane haruffa 57. Amma kaɗan ne daga waɗannan gurabe ke samun alamar. Wanne za a ɗora wa, wanne za a tsallake? Nan idon mutum ke gazawa. A 2016 masana a Jami'ar Bejin suka fitar da manhajar SRAMP, wadda aka koyar da bayanan mutum da na ɓera domin ta yi hasashe a kan dabbobi masu shayarwa. Wasu manhajojin da dama sun biyo bayanta.

Ƙarfin wannan hanya na gaske ne. Furotin ɗin da ke ɗora alamar a jikin mutum kusan shi ne a jikin ɓera da saniya da akuya, kuma jerin haruffan da yake nema bai bambanta ba. A 2023 ƙungiyoyin bincike, ciki har da ta Shikago da ta Cibiyar Weizmann a Isra'ila, suka bayyana wata ƙa'ida mai sauƙi. Idan ana haɗa saƙon RNA, ana yanke wasu sassa a zubar, a ɗinke sauran, kuma kusa da kowane ɗinki akwai wani tarin furotin da ke zama ya hana mai ɗora alama matsowa. Shi ya sa ake samun alamar a dogayen sassan da suka yi nesa da ɗinki, musamman wajen ƙarshen saƙo. Ma'ana, babban kaso na inda alamar za ta sauka a rubuce yake cikin tsarin kundin gadon, kuma abin da ke rubuce kwamfuta na iya karanta shi.

Kundin gadon akuya kuwa yana nan kyauta a intanet, haruffa kusan biliyan 2.9. An fitar da na farko a 2013 daga wata baƙar akuyar lardin Yunnan na ƙasar Sin, aka fitar da wanda ya fi shi inganci a 2017 daga irin awakin tsibirin San Clemente na Amurka. Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ƴar kwamfutarsa da caji da intanet, zai iya kwafo jerin haruffan saƙon da ke da hannu a samar da nono, ya liƙa a manhaja, kafin shayinsa ya huce ya ga gurabe an jera masa su, kowane da makinsa. Bai kama akuya ba, bai sayi sinadari ba, bai nemi biza ba. Wannan ba ƙaramar dama ba ce, kuma bai kamata a raina ta ba.

To amma ga rauninta. Haruffan kundin gado iri ɗaya ne da damina da bazara, iri ɗaya ne ga akuya ƙosasshiya da wadda ta kwana da yunwa. Manhajar da ke duban haruffa kawai amsa ɗaya za ta bayar a kowane yanayi. Tana faɗin inda alama za ta iya zama, ba ta faɗin ko yau tana nan. Alhali tambayarmu a kan yau ɗin take. A 2015 ɗakin binciken Shu-Bing Qian na Jami'ar Cornell ya nuna cewa idan zafi ya tsananta wa ƙwayoyin halitta, alamar m6A na ƙaruwa a farkon saƙon Hsp70, furotin ɗin da ke kare sauran daga lalacewa, kuma hakan na sa a ci gaba da haɗa shi a lokacin da aikin haɗa sauran ya ja baya. Irin wannan motsi ne muke son gani a jikin jar akuya, shi ne kuma haruffa kaɗai ba sa nunawa.

Rauni na biyu shi ne makarantar da manhajar ta yi. Yawancin bayanan da aka koyar da ita daga mutum da ɓera suka fito, da yawansu ma daga ƙwayoyin halittar da ake reno a kwalba, a zafin digiri 37 da ba ya hawa ba ya sauka, abinci kuma ba ya yankewa. A 2020 masana a Bejin suka auna sassan jikin mutum 43 da na ɓera 16, suka gano cewa jinsin halitta ya fi sashen jiki tasiri a kan yadda alamomin ke rarrabuwa. Idan har tsakanin mutum da ɓera akwai wannan rata, ba dalilin ɗauka cewa akuya za ta bi sawun ɗayansu sak. Kuma manhaja ba ta jin nauyin bakinta: ko an ba ta abin da bai yi kama da karatunta ba, maki za ta fitar, da lambobi masu kama da tabbas.

Hanya ta biyu: awo

A ɗauka za a auna awakin wani gida a Kanan-Bakashe a tsakiyar bazara. Da sassafe za a fara. Yaro ya riƙe akuyar tsakanin ƙafafunsa ya ɗaga mata haɓa, ma'aikacin dabbobi ya danna gindin wuya da babban yatsa har jijiya ta taso, ya soka allura, jini ya gangara cikin ƴar kwalba mai ruwan da ke tsare RNA. Daga wannan lokaci tsere ya fara. RNA ba shi da juriyar DNA, kuma sinadaran da ke cinye shi suna ko'ina, a gumin hannu, a yawu, a ƙura. Dole a sa safar hannu, a rubuta lamba a jikin kwalbar, a jefa ta cikin sanyi. Ajiya mai tsawo na bukatar firiji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ko ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili. Daga nan sai mota zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600, wani lokaci daga can sai jirgi. Sanyi ya yanke a hanya, wahalar duka ta tashi a banza. Kuma jini labarin jini kawai yake bayarwa. Mai son na hanta ko na hantsa sai ya shirya da mahauta, ya tsaya a kwata da kayan sanyinsa a hannu.

Idan samfur ya isa lafiya, akwai dabaru da yawa. Ta 2012 ita ce a daddatsa RNA, a sa wani furotin mai kama m6A ya tsamo guntayen da ke ɗauke da ita, a karanta su. Tana nuna unguwar da alamar take, faɗin haruffa 100 zuwa 200, ba ainihin gurbinta ba. A 2022 ɗakin binciken Chengqi Yi a Bejin ya fito da dabarar GLORI, wadda ke nuna harafin kansa da kuma kaso nawa na saƙonnin ke ɗauke da alamar. Da ita aka ƙirga gurabe fiye da 170,000 a nau'i ɗaya na ƙwayoyin halittar mutum.

Falalar awo a fili take: gani ya kori ji. Shi kaɗai ne zai iya cewa a wannan akuya, a wannan wata, wannan saƙo na ɗauke da alama kaza, da damina kuma ya koma kaza. Shi kaɗai ne zai iya gano abin da ba a zata ba, domin manhaja ba ta wuce abin da aka koya mata. Amma shi ma yana da nasa aibu. Wani nazari na 2020 ya gwama sakamakon ɗakunan gwaji daban-daban da suka yi aiki da tsohuwar dabarar, ya tarar gurabe kashi 30 zuwa 60 cikin 100 ne kawai suke dacewa, ko da a kan nau'in ƙwayoyin halitta ɗaya. Ga tsada, wadda ke tura mai bincike ya auna dabba uku ko huɗu ya yanke hukunci a kan garke. Awon da aka yi a gurguje, da dabbobi kaɗan da samfurin da ya sha zafi, ya fi hasashe mai kyau haɗari, domin yana zuwa da rigar gaskiya.

Inda hanyoyin suka haɗu

Akwai wata na'ura ta kamfanin Oxford Nanopore mai suna MinION, ba ta kai tafin hannu faɗi ba, ana jona ta da kwamfuta. An yi aiki da ita a Gini a 2015 wajen bin diddigin cutar Ebola. Tana zura zaren RNA ta wata ƴar ƙaramar kafa da lantarki ke bi, kowane jerin haruffa na sauya ƙarfin lantarkin ta hanyarsa, harafi mai alama kuma na sauya shi daban da marar alama. Bambancin ƙanƙane ne, a cakuɗe da hayaniya, mutum ba zai iya tsince shi ba. A 2022 masana a Singafo suka fitar da manhajar m6Anet, wadda aka koya wa gane wannan bambanci. A nan koyon na'ura ba hasashe yake yi daga haruffa ba, karanta awo yake yi daga jikin dabbar kanta. Wannan ya nuna cewa gardamar ba tsakanin kwamfuta da ɗakin gwaji take ba. Tsakanin kwamfutar da aka ciyar da bayanan wasu take, da wadda aka ciyar da namu.

A ɗora su a sikeli

Wajen araha da sauri, hasashe ya yi wa awo fintinkau. Wajen faɗi ma haka: a wuni ɗaya zai ratsa kundin akuya da na tunkiya da na raƙumi, ya nuna guraben da dukansu suka yi tarayya da waɗanda kowa ya keɓanta da su. Wajen amsa tambayar zafi da yunwa da riƙon ciki kuwa, awo ne ke da bakin magana. Sai ma'auni na huɗu, wanda ba a cika ambata ba: me zai rage mana bayan an gama? Hasashe na barin ɗalibin da ya iya lissafi, kuma wannan riba ce. Awo na barin bayanan da ba su nan a da, da firiji, da ma'aikatan da suka iya riƙe samfur, abubuwan da gobe za su yi amfani wajen gano cututtukan dabbobi da na mutane.

A nawa ra'ayi, hasashe ne ya kamata ya shiga gaba, amma awo ne zai yanke hukunci. A sa manhaja ta tace dubban gurabe ta fito da ƴan ɗaruruwan da suka shafi nono da haihuwa da jure zafi. A auna waɗannan a jikin awaki masu yawa, da bazara da kuma damina. Sannan a mayar wa manhajar da sakamakon ta gyara karatunta. Wanda ya tsaya a hasashe ya buga shi da sunan binciken jar akuya, ɓera ya bincika. Wanda kuma ya ƙi hasashe ya ce sai ya auna komai, kuɗinsa za su ƙare bai ƙetare ƙofar gari ba. Aikin ya fi ƙarfin ma'aikata ɗaya, amma masu iya haɗa hannu suna nan: jami'ar Maraɗi, da cibiyar awaki, da cibiyar binciken noma ta INRAN, da ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai, da cibiyar binciken kiwo ta NAPRI a Shika kusa da Zariya, inda aka daɗe ana nazarin jar akuyar Sakkwato.

Akwai kuma abin da hanyoyin biyu ba za su yi aiki ba sai da shi. Na'ura ba ta koyon komai sai an gaya mata wannan akuya mai tagwaye ce, waccan mai ɓari ce, wannan ta ratsa bazara da ƙibarta. Wannan sani yana kan matan da ke kiwon. Ka tambayi tsohuwa a kan akuyarta za ta ce maka, "Ɗana, wannan uwarta ba ta taɓa haifar ɗaya ba, kakarta ma ni na kiwata." Irin wannan magana, idan aka rubuta ta da kwanan wata da nauyin ƴaƴa da yawan nono, ita ce rabin binciken. Kuma tun da alamomin RNA ba a gadonsu kai tsaye yadda ake gadon haruffan DNA, mai zaɓen bunsuru da wannan tarihi zai fi amfana tun yanzu, kafin wani sakamako ya fito daga ɗakin gwaji.

Don haka a bi abin daki-daki. Rigakafin annobar awaki da tumaki ta PPR, wadda hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, shi ne farko, domin ba a binciken garken da ya mutu. Sai littafin tarihin kowace akuya a hannun ƙungiyoyin mata. Sai awo, hasashe na nuna masa inda zai duba. Duk jinin da zai bar Kanan-Bakashe kuma ya fita da yardar masu dabbobin, bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan raba amfanin albarkatun gado, kwafin bayanan ya zauna a Maraɗi, ɗalibanmu su kasance cikin masu nazarinsa, sakamakon ya dawo da Hausa ga waɗanda suka riƙe akuyar aka ɗebi jinin. Idan aka tsare waɗannan sharuɗɗa, manhajar da za ta yi wa duniya hasashe a kan dabbobin ƙasashe masu zafi za ta zama ta yi karatunta a wurinmu.